Sabuwar salansa na kwaramniya: a sake zaunar da ita, a kai ta walda, ko a nemo 'yar Beljiyam?

Salansar da ba kamfanin motar ne ya ƙera ta ba, irin wadda ake samu sabuwa dal a shagunan Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, halinta kusan ɗaya ne. Ranar da aka ɗaura ta mota ta yi shiru, mai ita ya biya yana murna. Kafin mako ya zagayo ƙarƙashin mota ya fara magana: a kan silo tana karkarwa, in an sa ribas a ji ƙwal, in an hau gargada kuwa duk layin ya san ka taho. Ka koma gareji, bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai sai dai mai walda ya kama ta." Mai shago ya ce kayansa lafiya lau, mai ɗaurawa ne bai iya ba. Abokinka kuma ya ce da ma tun farko 'yar Beljiyam ka saya, wato tsohuwa ta asali da aka ciro daga motar ƙasar waje.

Cikin su ukun kowa na da ranar da zai yi gaskiya. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne farawa da walda, alhali a ƙarshe ya kamata ta zo, don ita kaɗai ce ba a warwarewa. Da zarar wuta ko zarto ya taɓa salansar, mai shago ba zai karɓe ta ba, ta zama taka ko da kuwa ta wata mota ce daban aka ba ka.

Me ke hana ta zama?

Masu ƙera irin wannan salansa sukan yi samfuri guda don ya shiga motoci da dama masu kama da juna. Amma suna ɗaya ba ya nufin ƙarƙashi ɗaya. Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008 injinta 1.8 ne, ta Turai ta wannan zamanin kuma akwai mai 1.4 da mai 1.6, akwai mai but, akwai guntuwa, akwai wagon. Golf 3 wagon ta fi guntuwar tsawon baya, don haka bututun ƙarshe ba zai zama ɗaya ba. Camry mai silinda huɗu da mai shida kowacce da nata bututun gaba. Wanda ya shiga kasuwa ya ce kawai "salansar Corolla", ya bar wa mai shago ne ya zaɓa masa abin da ke ajiye.

Ko da ta motarka ce, ƙaramin kuskure wajen ƙira yana girma kafin ya kai baya. Tun daga inji zuwa bamban baya salansa takan kai mita uku ko fiye, kuma a wuri ɗaya kaɗai aka ɗaure ta da ƙarfi, wato a jikin inji. Sauran jikinta a rataye yake da robobi. In bakin haɗin gaba ya karkace da digiri ɗaya tak, abin da ido ba ya gani, a nisan mita uku karkacewar ta haura santimita biyar. Wannan ya isa ya sa tukunyar baya ta jingina da bamba, ko bututu ya kwanta a kan ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya.

Sai kuma zafi. Bututun baƙin ƙarfe mai mita uku, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yana ƙara tsawon kusan santimita ɗaya. Farin ƙarfe marar tsatsa, sitenles na 304, yakan kai ɗaya da rabi. Shi ya sa wata motar da safe shiru take, sai an yi tafiya ta ɗau zafi ƙarar ta taso, in ka kai ta gareji ta huce kuma a ce maka ba a ga komai ba.

Kafin a kashe ko sisi, a san ƙarar

A hau da motar kan rami, a bar ta ta huce, a bi salansar da dunƙulen hannu daga gaba zuwa baya ana bubbugawa. Siririyar ƙara mai zirrr, wadda ke zuwa a wani mataki na totur ta ɓace in an ƙara wuta, yawanci ba ta salansa ba ce ma. Ta siririn faifan ƙarfen nan ce da ke tsakanin salansa da jikin mota don tare zafi. Ramin notinsa kan ci, ko sabuwar salansar ta zauna kusa da shi fiye da tsohuwar. Babban washa ko lanƙwasa shi kaɗan da hannu ya gama magana. Wasu sukan fizge shi su jefar, wanda ba daidai ba ne, musamman wanda ke kusa da tankin mai.

In aka buga tukunya aka ji kamar tsakuwa a gwangwani, wani abu ne ya ɓalle a ciki. A sabuwar tukunya wannan aibin ƙira ne, babu roba ko noti da zai gyara shi, a mayar wa mai ita. In daga katalis ƙarar ke fitowa, wato gwangwanin tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, to saƙar cikinsa ce ta farfashe.

Bugu mai nauyi lokacin sa giya ko hawa tudun rage gudu yana nufin bututu na taɓa wani abu. A nan fitila ce ke aiki: wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe yakan yi sheƙi. Kuma a duba injin-sit, wato robar da inji ke zaune a kai, kafin a ɗora wa salansa laifi. A ja hambirki, a take birki, a sa giyar gaba sannan ribas, wani yana kallon inji. In yana tsalle sosai, robar da ke riƙe da shi ta mutu, kuma duk salansar da aka ɗaura masa, ko daga Japan ta zo jiya, sai ta buga.

Ƙarar fat-fat tare da kunkunniya a bakin haɗi kuwa yoyo ne, kuma shi ba ya jiran ƙarshen wata. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Masu wagon da ke lodin kaya su bar but a buɗe sun fi kowa shiga haɗarin, domin iskar bayan mota mai tafiya tana jawo hayaƙi zuwa ciki. Haka ma in bakin salansar ya gajarce ya tsaya a ƙarƙashin bamba maimakon ya leƙo waje.

Hanya ta farko: a kwance, a sake zaunar da ita

Wannan ce mafi araha, kuma a ganina ita ce ke maganin mafi yawan kwaramniyar sabuwar salansa, amma ita aka fi tsallakewa saboda tana cin lokaci kuma ba ta da abin nunawa. Yadda ake ɗaura salansa a gareji da yawa shi ne a ɗaure kowane haɗi tamau da zarar an sa shi, sannan a ja na gaba da ƙarfi har ya kai. Kafin a iso tukunyar baya duk jikin a takure yake, roba ɗaya ta miƙe kamar za ta tsinke, wata kuma sakwaf ba ta ɗauke da komai.

Gyaran shi ne a sassauta duk notocin haɗin tun daga bayan katalis, a tallafe bututun da jak ko katako, a rataya dukkan robobi, a juya kowane sashe har ya zauna da kansa ba tare da an danna shi ba. A tabbatar akwai ratar yatsu biyu tsakanin bututu da duk abin da ke kusa: jikin mota, tankin mai, wayar hambirki, bututun birki, bamba. Sai a ɗaure daga gaba zuwa baya, kaɗan-kaɗan, ana dubawa. A yi wannan aikin mota na tsaye a kan tayoyinta a bisa rami. In aka ɗaga ta da jak tayoyin baya suka sauka, ratar da aka gani ƙarya ce, da an sauke motar ko an ɗauki mutum huɗu a baya sai ta rufe.

Robobin a canza su duka a lokaci guda. Tsohuwar roba ta riga ta miƙe daidai da tsohuwar salansa, zafinmu kuma yana busar da ita ta tsattsage. Robar da ake yankowa daga tsohuwar taya tana kai mutum gida, amma ta yi tauri, tana kai karkarwar inji har cikin kujera. Waya kuwa ba a ma maganarta. In ƙugiyar da ke jikin salansar ce ta kauce da santimita ɗaya ko biyu, ana ɗan gasa ta da wuta a lanƙwasa ta zuwa inda take so. Wannan ƙaramin aiki ne, bai kai a kira shi walda ba.

Wani abu da masu Toyota za su lura da shi: a Corolla da wasu 'yan uwanta haɗin gaba yana da noti mai sifirin da gasket mai zagaye, an yi shi ne don ya riƙa ɗan motsi in inji ya motsa. In sifirin ya ɓata a wajen kwancewa aka sa noti na gama-gari aka ɗaure tamau, haɗin ya daina motsi, duk girgizar sai ta koma kan bututu. Shi kuma gasket ɗin, in an taɓa matse shi sau ɗaya, ba kasafai yake sake rufewa da kyau ba. Sabo ake sawa.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Ba ta ƙara wa bututu tsawo, ba ta rage masa, ba ta canza lanƙwasar da aka yi a inda bai dace ba. In an sassauta komai amma sai an sa ƙarfi kafin ramukan noti su haɗu, ko tukunya ta ƙi shiga gurbinta, to kayan ba na motar ba ne. A nan ne ake tsayawa a koma shago da ita cikakkiya.

Hanya ta biyu: zarto da walda

Akwai lokacin da walda ce daidai. Mai shago ya ƙi karɓa, ko motar irin wadda kayanta ke wuyar samu ce, ko tukunyar mai kyau ce, lanƙwasa ɗaya ce kawai ta hana ta zama. Gwanin mai walda zai yanke bututun a wurin da yake miƙe, ya juya shi ko ya ƙara guntu, ya ɗan ɗiga walda wuri biyu ko uku alhali salansar na rataye a robobinta, a duba rata, a girgiza, sannan ya sauke ta ya zagaye haɗin gaba ɗaya. Sauke ta na da muhimmanci, domin saman bututu, ɓangaren da ke fuskantar jikin mota, hannu ba ya kaiwa da kyau a ƙarƙashin mota, kuma nan ne yoyo ya fi ɓuya.

Irin waldar ma da bambanci. Kaurin bangon bututun salansa bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba. Waldar lantarki ta sanda, wadda ake yin ƙofa da taga da ita, tana saurin huda shi, sai a yi ta cike rami da ɗigo. Waldar kabaid ta fi dacewa da siririn baƙin ƙarfe, shi ya sa masu gyaran salansa suka fi riƙe ta. Sitenles kuma waldar agon yake so da sandarsa. In aka kama shi da sandar baƙin ƙarfe, layin waldar ne zai fara tsatsa. Kada ƙyalli ya ruɗe ka a shago: maganaɗisu ba ya kama 304 sosai, amma yana kama sitenles na 409, wanda shi ne kamfanonin mota da yawa ke amfani da shi, yana kuma kama baƙin ƙarfen da aka shafa wa alminiyam don ya yi fari. In waldar lantarki za a yi a jikin mota, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aikin, saboda ƙwaƙwalwar mota da sensa. A tuna tankin mai na motoci da dama na roba ne.

Tsakanin walda da kilam, wato ƙarfen da ake ɗaurewa da noti ya matse haɗin bututu biyu, ni kilam na fi so a haɗin da za a iya buƙatar buɗewa wata rana, kamar na tukunyar baya. Kilam mai siffar U yana da araha kuma yana riƙewa, sai dai yana lotsa bututun, ranar rabuwa sai da zarto. Mai faɗi da ke zagaye bututun gaba ɗaya ba ya lotsawa, ana iya sassautawa a juya a sake ɗaurewa, amma yana son bututun biyu su zo daidai da juna. Mai inci 2 ba ya rufe mai inci 2 da kwata, komai yawan man liƙin da aka cusa. Walda ba ta sassautawa, ba ta yoyo in an yi ta da kyau, amma salansar da aka mayar sanda guda tun daga gaba har baya, duk ranar da za a sauke tanki ko a taɓa ƙafar baya sai an yanka ta.

Abubuwa uku ne ba zan yarda a yi wa mota ba. Na farko, a kama salansa da ƙarfe kai tsaye a jikin mota don "ta daina motsi". Za ta daina bugawa, gaskiya ne, amma rugugin inji zai cika cikin motar, kuma da yake inji na ci gaba da motsi, bututu na ci gaba da miƙewa da zafi, wani wuri sai ya tsage, sau da yawa a gaba inda gyara ya fi tsada. Na biyu, a yanke fileks, guntun bututun nan mai saƙar waya da ke gaban motoci irin su Camry, a maye shi da miƙaƙƙen bututu. Injin da aka kwantar a gicciye gaba da baya yake rausaya, fileks ne ke shanye wannan motsin. In ya fashe sabo ake sawa mai tsawo da faɗi irin nasa. Bututun ruwa da wasu ke sawa ya yi nauyi ga robobi, farin rufin da ke jikinsa kuma hayaƙinsa na cutar da mai waldar kansa.

Na uku shi ne indomi. Akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a cikinsa, yana da kasuwa, shi ya sa shawarar "a cire shi mota ta samu numfashi" ke saurin fitowa daga bakin wasu. In lafiyarsa ƙalau, ba shi da hannu a kwaramniyar tukunyar baya. Motocin Amurka daga 1996 suna da sensa a bayansa mai lura da aikinsa. In an fasa shi fitilar inji takan kama, na'urar binciken mota ta nuna lambar matsala P0420, hayaƙin kuma ya ƙara guba. Ka tsaya a kan motarka ranar da za a yi wannan aikin, in ba za ka samu dama ba ka tura wanda ka yarda da shi.

Hanya ta uku: ta asali, 'yar Beljiyam

Fifikonta ɗaya ne, amma babba: kamfanin motar ne ya ƙera ta don wannan ƙarƙashin, ƙugiyoyinta na faɗawa kan robobi ba gardama, muryar motar kuma ta dawo yadda take. Ƙarfenta galibi ya fi na sabuwar mai araha kauri, ɗaga su biyun kawai zai gaya maka. Wanda ya riga ya biya kuɗin sabuwa zai ji zafin sake biya, amma in an je walda sau biyu ba a dace ba, kuɗin na uku gara a tara shi a nan. Araha dai ba ta ado.

Sai dai tsohuwa ce, kuma ba a san inda ta kwana ba. Wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, takan ci tsatsa ta waje, musamman a bakin haɗi da gindin ƙugiya. Wata kuma ta ciki take ruɓewa, domin ƙonewar fetur na haifar da tururi, motar da ba ta tafiya mai nisa ruwan na kwanciya a tukunya. A girgiza ta a saurara, a danna ƙasan tukunyar da sukundireba, a duba layin naɗin gefenta. A kuma duba yadda aka ciro ta: masu farfasa mota da yawa yankowa suke yi, in ba ta zo da bakin haɗinta ba ka koma hannun mai walda ke nan, rabin amfanin ya tafi. Ka je da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka je da tsohuwar salansar in tana nan a jera su a ƙasa, ka kuma yi magana da mai kayan a gaban shaida cewa in ba ta zauna ba za ka dawo da ita.

Sabuwa ta asali daga dila ita ce ba ta da abin dubawa sai farashi, kuma ga motar da ta haura shekara goma sha biyar ba kasafai lissafin ke fita ba.

Mai motar gida da sabuwar salansarsa ta shiga gurbinta, bugawa kawai take yi, ya tsaya a hanya ta farko, ya biya bakanike kuɗin lokacinsa da kyau don kada ya yi gaggawa. Direban haya da ke lodi kullum a hanya mai ramuka ya fi kowa buƙatar ta asali, domin motarsa a danne take, ratar da ke tsakanin bututu da ƙafar baya ba ta yafe kuskuren santimita biyu. Walda ta wanda kayan motarsa ba sa samuwa ce, ko wanda mai shago ya riga ya juya wa baya.

Kowacce aka bi, kada a biya a tafi daga kan rami. A tayar da mota, a ɗan toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa kaɗan, wani ya saurari haɗe-haɗen a ƙasa. In akwai yoyo za a ji huci. A ɗauki mutum biyu ko uku a baya, a zagaya har inji ya ɗau zafi sosai, a bi ta kan tudun rage gudu, a sa ribas a kan hawa. Bayan 'yan kwanaki a koma a sake bin notocin da sufana, domin zafi da sanyi na sa sabon gasket ya kwanta, haɗin da aka ɗaure tamau ya ɗan saki.